Daga Ƙwarya Zuwa Leda: Tarihin Kayan Girki a Arewacin Zamfara

Labarin ƙasar Zamfara, kamar yadda a ke karanta shi a makarantu, labarin sarakuna ne da mayaƙa: yadda Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, yadda Alkalawa ta faɗi a 1808, yadda Fulanin Alibawa suka kafu a Zurmi da Ƙaura Namoda. Ba a cika tsayawa a tambayi abin da matan waɗannan garuruwa su ke ɗorawa a murhu ba, balle abin da su ke zuba tuwo a ciki. Alhali kuwa cikin shekara ɗari da suka wuce babu wani wuri a gidan Bahaushe da ya sake kama kamar madafa. Tare da wannan sakewa wasu irin guba suka shigo gida waɗanda kakanni ba su san su ba, kuma ba su bar wa jikokinsu sunayensu ba.

Kafin zuwan Turawa, kusan duk abin da mace ke girki da shi daga ƙasar da ta ke takawa ya fito. Tukunyar tuwo da ta miya, da kasko, da tanda, da tulu, da randa, duk na yumɓu ne, aikin maginan tukwane. Ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da masaki da mara daga duma a ke fafe su. Akushi da muciya da turmi da taɓarya na masassaƙa ne, faifai kuwa na masu saƙa. Ƙasar ba ta rasa yumɓu ba, gama gulbin Gagare ya bi ta Ƙaura Namoda, na Bunsuru ya bi ta Zurmi, fadamunsu kuwa suna da laka mai kyau. Ba ta rasa kasuwa ba kuma. Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya ratsa Zurmi a 1853 kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, ya tsaya a kasuwar Badarawa, kusa da Shinkafi, ya ba da labarin yawan jama'arta da audugar da a ke sayarwa.

Abu biyu ya kamata a lura da su game da wannan tsohuwar madafa. Na fari, mace ta san asalin kayanta. Ta san wanda ya gina tukunyar, ta san gonar da duman ya yi yaɗo, in ƙwaryar ta tsage ta san gyartan da za ta kai wa. Na biyu, kuma shi ne mafi girma, kowane mazubi da aikinsa. Ƙwaryar nono ba ta ganin miya. Tukunyar da aka dafa sassaƙe a ciki ba a mayar da ita ga tuwo. Turmin yaji daban, na hatsi daban. Ba wani malamin tsabta ne ya kafa wannan doka ba, kayan ne da kansu suka tilasta ta. Yumɓu da duma da itace suna shan abin da aka zuba musu, suna kuma tona asirinsa. Wadda ta yi ganganci ta dama fura a ƙwaryar da ta taɓa manja, maigida zai ji a kurɓin farko. Har sabuwar ƙwarya ma sai an jiƙa ta ɗacin duma ya fita kāna a ci a cikinta. Watau gubar da mutanen dā suka saba da ita, irin ta duma ko ta magimfa da masunta ke zubawa a ruwa, guba ce mai ɗaci ko mai wari, harshe da hanci suna iya tsare ta a ƙofa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa zamanin nan na dā lafiya ƙalau ne. Randa buɗaɗɗiya wadda kowa ke tsoma wa moɗa hanyar ciwon ciki ce, ruwan tafki kuwa shi ke kawo kurkunu, hayaƙin murhu kuma ya ci idanu da ƙirjin mata ba adadi. Amma tukunyar Hausa ta tsira daga aibi guda wanda ya addabi wasu ƙasashe, kamar Meksiko, inda a ke shafe tukwane da wani ruwan ƙyalli mai dalma. Maginan Hausa goge tukunya su ke yi su gasa ta, ba su san wannan shafi ba.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta ƙare a Ƙaura Namoda. Domin gyaɗa da auduga aka shimfiɗa ta, amma taragon da ya tafi da gyaɗa ba ya komowa wofi. Ya kan komo da gishiri da kananzir da atamfa da kwanuka, kantunan Turawa su sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su ɗora wa jakuna da raƙuma zuwa Zurmi da Shinkafi, har su ƙetare iyaka zuwa Maraɗi. Kwanon nan mai fenti da fari daga Turai a ke kawo shi, daga baya na Hong Kong ya cika kasuwa, har a shekarun 1960 masu masana'antu daga can suka zo suka kafa gidajen yinsa a Ikko da Kano.

Abin mamaki, ba ta madafa kwano ya fara cin gari ba, ta ɗakin amarya ya shiga. Dā ƙore ne a ke jerawa, to, sai langa da kumbo da fanteka da samira suka ture su, har ya zama darajar yarinya da ta uwarta a jere a ke auna ta. An daɗe da sani a Turai cewa wasu launukan ja da rawaya na tsofaffin kwanuka da dalma ko kadmiyam a ke haɗa su, kuma abinci mai tsami yana iya jawo su. Sai dai Allah ya sa waɗanda suka fi ado su ne ba a ci a ciki, suna bango suna jiran baƙi su gani. Ɓarnar da kwano ya yi ta wani fanni ce. Shi ba ya shan wari. A wanke shi da toka da ruwa, ya koma kamar sabo, yau a jiƙa wanki, gobe a kwaɓa gari. Daga nan tsohuwar dokar keɓe mazubi ta fara sakwarkwacewa, tun da abin da ke tilasta ta ya kau.

Tukunyar ƙasa ta fi ƙwarya daɗewa a kan mulki, amma ita ma ta sami kishiya, watau tukunyar da maƙera ke zubawa daga narkakken alminiyum. Ba ta fashewa, tana saurin zafi, ga araha. A wurare da dama tukunyar dalma a ke kiranta, ko da ya ke dalma a asalin Hausa sunan wani ƙarfe ne daban, mai nauyi, mai taushi, wanda a ke samu cikin batirin mota. Masu nazarin harshe za su ce kuskuren suna ne. To, bincike ya nuna kuskuren bai yi nisa da gaskiya ba. Maƙeri ba ya samun tsantsar alminiyum, abin da ya samu shi ya ke narkawa: gwangwanaye, da tarkacen inji, da lagireton mota, wasunsu kuwa da dalma a jikinsu. A 2014 Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland a Amurka, tare da abokan aikinsa na Kamaru, suka buga sakamakon gwajin irin waɗannan tukwane da aka saya a kasuwannin Kamaru. Suka tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki, suka tarar dalma na fita. A 2017 suka sake gwada tukwane 42 daga ƙasashe 10, suka sami dalma da kadmiyam a waɗansu, alminiyum kuwa mai yawa a mafi yawansu. Wannan ya shafi girkin Hausa ƙwarai, domin tsami da kanwa duka biyu suna cin alminiyum, ga shi kuwa kunun tsamiya da zoɓo da miyar yakuwa da tumatir suna gefe guda, kanwar da a ke jefa wa wake da miyar kuka tana ɗaya gefen.

Maganin ƙwari ta ƙofar hukuma ya fara shigowa. A 1954 aka soma wani gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, ana fesa DDT da dangoginsa a bangon ɗakunan kwana. Ma'aikatan gona kuma suka koya wa manoman auduga feshi. Mutane suka ga abin da ido: ƙwaro ya taɓa, ya mutu. Kalmar da aka ba abin ita ce magani, kalmar da a ke kiran abin da ke warkarwa da ita, wannan kuwa bai taimaka wajen jin tsoronsa ba. Ba a daɗe ba Gammalin 20, wanda aka kawo domin gonakin koko na Kudu, ya maye gurbin magimfa a hannun waɗansu masunta, ya kuma shiga buhun wake.

Wake shi ne inda abin ya fi tsanani. Kowa ya san ƙwaro ba ya barin wake ya kai bazara. Dā da toka ko yashi ko barkono a ke cakuɗa shi, a zuba a tulu a liƙe baki da laka. Wannan dabara ta isa ga abincin gida, amma ba ta isa ga ɗan kasuwa mai buhu ɗari ba, sai ya koma ga gari da ruwan feshi da ƙwayar Phostoxin. A 2008 'yan mata fiye da 100 na wata makarantar kwana a Jihar Gombe suka kwanta bayan sun ci wake, aka gwada aka sami lindan, watau gubar da ke cikin Gammalin. A shekarar nan hukumar NAFDAC ta hana sayar da magungunan ƙwari iri 30. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya saboda yawan dikulobos da a ke samu a ciki, shi ne kuwa sinadarin da ke cikin fiya-fiya da a ke yayyafawa a ɗaki domin sauro. Waken da Turai ta ƙi bai koma gona ba, a kasuwannin gida aka auna shi da tiya. Ga kuma galan ɗin da maganin ya ƙare a ciki, wanda ba a cika jefarwa ba. A kan ɗauraye shi a zuba man gyaɗa ko ruwan sha, roba kuwa tana riƙe saura ko da hanci bai ji ba.

Sunayen kayan zamanin roba su kansu abin nazari ne. Roba daga sunan danƙo a Ingilishi ta samo asali, leda daga sunan fata, silba daga sunan azurfa, kula kuwa daga sunan abin sanyaya ruwa, ga shi an mai da ita ma'ajiyar abinci mai zafi. Kowanne an ba shi sunan wani abu da ba shi ba ne, abin da ke nuna cewa kayan sun riga saninsu isowa. A Ingila aka gano irin robar da a ke yin leda da ita a 1933, amma sai a shekarun 1970, zamanin kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, bokiti da buta da kofi na roba suka bazu a karkara, yawancinsu daga masana'antun Kano. Leda ta biyo baya ta kori ganyen kalgo da ɓawon masara daga hannun masu talla, a shekarun 1990 kuma ruwan leda ya zo.

A nan wajibi ne a yi adalci. Roba ta yi aikin alheri wanda ƙwarya ba ta iya ba. Jarka mai ƙaramin baki ta fi randa tsare ruwa daga hannuwa. Ƙyallen tace ruwa na nailan yana cikin makaman da aka kashe kurkunu da su, har Nijeriya ta ga mai cutar na ƙarshe a 2008, aka ba ta shaidar rabuwa da ita a 2013. Mafi ban sha'awa shi ne buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da na Afirka, cikinsu har da Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi. Tun daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙauyuka, ana kuma yinsa a Kano. Leda biyu ne masu kauri cikin buhu na uku, a ɗaure kowacce tam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. In an duba, tsohon tulun nan ne mai liƙaƙƙen baki ya dawo cikin sabuwar riga. Wanda ya ce a kori roba daga gida ɗungum, ya sani cewa zai mai da manomi ga fiya-fiya.

Inda leda ke cuta shi ne inda aka sa ta aikin da ba nata ba, watau wajen zafi da mai. Zafi da maiƙo su ne ke jawo sinadaran da aka haɗa roba da su zuwa cikin abinci. Leda tana fara laushi da zafi ya ɗara na tafasar ruwa kaɗan, man suya kuwa ya fi haka nesa, amma daga kasko a ke tsamo ƙosai da awara a jefa cikinta. A cikinta a ke ƙulla alale a dafa, da ita a ke naɗe malmalar tuwo a jera a kula, da ita kuma waɗansu ke hura wuta in itace ya jiƙe. Baƙar leda ta fi muni, domin sau da yawa daga tsofaffin robobi a ke sake narka ta, ba mai iya faɗin abin da suka taɓa ɗauka. A 2016 Ministan Gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya yi gargaɗi a bainar jama'a game da dafa alale a leda da shan ruwan ledar da ya sha rana. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, Jihar Legas ta hana mazuban abinci na soso a 2024. Duk da haka, mai koyarwa ya kamata ya san nauyin kowane abu. Illar leda a hankali ta ke taruwa, masana suna kan auna ta. Dalma kuwa an gama shari'arta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado nata a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa.

Jihar Zamfara ta ga tabbacin wannan da idonta, ko da ya ke ba a arewacinta abin ya faru ba, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ne. Da zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya bayan 2008, mutanen ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega suka duƙufa haƙo dutse. Dutsen kuwa cike ya ke da dalma. Maimakon a sarrafa shi a daji, sai aka riƙa kawo shi cikin gida, domin mata su ma su sami rabonsu ba tare da sun fita ba. Aka daka shi a turmi, aka niƙa shi a injin niƙan hatsi, aka shanya shi a tsakar gida inda a ke shanya gero, inda yara ke rarrafe. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda suka fito neman masu sanƙarau, suka tarar da yara suna suma suna mutuwa, maganin zazzaɓi bai yi musu kome ba. Da ma'aikatan hukumar CDC ta Amurka suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, suka ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda, kuma mafi yawan gidajen ana sarrafa dutse a cikinsu. Jimlar yaran da suka mutu a yankin an ƙiyasta ta kai 400. Sarakuna suka ba da umurni a fitar da aikin dutse bayan gari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba dubban yara magani. Bagega sai a 2013 aka share ta, bayan an daɗe ana jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya. Binciken da Simba Tirima da abokansa suka buga a 2018 ya nuna cewa hatsin ba daga gona ya ɗauko mafi yawan gubar ba, a wajen sussuka da niƙa da girki ya ɗauke ta.

Babu roba ko ɗaya cikin wannan musiba. Turmi da taɓarya ne, kayan kaka da kakanni, aka sa su aikin da ba nasu ba, dutsen kuwa ba shi da ɗaci balle harshe ya yi gargaɗi. Haka nan tozali, wanda ya girmi jirgin ƙasa da ɗaruruwan shekaru: a 2012 hukumar CDC ta ba da labarin wani jariri a Boston wanda aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu har ga kwallin da aka kawo daga Nijeriya, aka auna aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Tsufan abu ba shaidar lafiyarsa ba ne.

Abin da malaman kwalejojin horon malamai za su iya ɗauka daga wannan tarihi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A bar abin da aka soya ya huce a kwano kafin ya ga leda. A dafa alale a gwangwani mai tsabta ko a ganye. Kada kunun tsamiya ko miyar yakuwa su kwana a tukunyar dalma, a juye su a silba ko a tukunyar ƙasa. Galan ɗin maganin feshi a huda shi, kada ya koma madafa. Mai injin niƙa a tambaye shi abin da ya niƙa jiya. Duka dai tsohuwar dokar nan ce ta ƙwaryar nono, sai dai yanzu da ilmi za a riƙe ta, tun da kayan sun daina tona asirin kansu.

Amma dokar tana bukatar mazubi fiye da ɗaya, a nan kuwa halin da arewacin Zamfara ya shiga ya tsaya a gaba. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi, har a watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, cikinsu har da ta Shinkafi mai ci ran Alhamis. A watan Afrilu na 2024 hukumar NCDC ta ba da sanarwar wata cuta mai kumbura cikin yara a Isa, maƙwabciyar Shinkafi, ta ce gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin waɗansu, daga baya kuma aka ba da labarin irinta a Shinkafi. A watan Yuni na shekarar nan MSF da ma'aikatar lafiya suka auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka sami kashi 27 cikin 100 da tamowa, yaro mai yunwa kuwa hanjinsa ya fi na ƙosasshe shan dalma. Matar da ta gudo daga ƙauye da goyo ba ta ɗauko randa ba, ba ta ɗauko jere ba. Tukunya guda ta ɗauko da jarka guda, a cikinsu za ta yi tuwo da miya da wanki da jiƙon magani.